Hali zanen dutse ne, ko sabo ne kawai?

Akwai wani tsohon kwano da kakata take zuba wa awakinta dusa a ciki. Gefensa ya lotse, kuma duk lokacin da aka ciro shi daga bayan randa sai ya bugi bango ya yi ƙara. Awakin na can bakin turke suna tuƙa, ko kallon mutum ba sa yi, amma da ƙarar nan ta tashi sai kowace ta miƙe tana jan igiya tana kuka, tun ba a kwance bakin buhu ba. Mu yara da muka gano haka sai muka samu abin wasa: mu buga kwano, ba dusa, mu yi ta ƙyalƙyala dariya. Ba a yi sati biyu ba awakin suka daina kula mu. In kaka ce ta ɗauko kwanon, su tashi. In mu ne, su ci gaba da tuƙarsu.

A kan irin wannan ɗan abin aka gina mazhabar da ta riƙe ragamar ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka wajen shekara arba'in. Turawa na kiranta bihebiyarizim. Ni zan kira ta mazhabar ɗabi'ar zahiri, mabiyanta kuma 'yan zahiri, amma kada ɗaliban fiƙihu su haɗa su da Zahiriyyar da suka sani. Da'awarsu a taƙaice ita ce, abin da ya faru da awakin nan shi ne ke faruwa da ni da kai, sai dai namu ya fi yawa ya kuma fi sarƙaƙiya.

Mafarin labarin Rasha ne. Ivan Pavlov masanin aikin gaɓoɓin jiki ne a birnin St. Petersburg, kuma a kan binciken yadda ciki ke narkar da abinci aka ba shi kyautar Nobel a 1904. Yakan yi wa karnuka 'yar tiyata ya fito da hanyar yawu ta kumatu don ya riƙa ƙirga ɗigon da ke zuba in an sa musu abinci. Sai wani abu ya dinga ɓata masa lissafi: karnukan na fara dalala tun daga jin takun mai kawo abincin. Wani zai ɗauki wannan a matsayin cikas. Shi sai ya mai da shi abin binciken. Ya riƙa kaɗa wata na'ura mai ƙas-ƙas, irin wadda makaɗan Turai ke auna kiɗa da ita, sannan ya ba da abinci. Bayan an maimaita, ƙarar kaɗai ta isa ta jawo yawu. In aka yi ta kaɗawa ba abinci, dalalar ta ja baya har ta tsaya. Awakin kakata ke nan, amma da ma'auni da littafin lissafi.

Wanda ya ɗauki wannan ya mai da shi aƙida kan ɗan Adam shi ne John B. Watson na jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore. A zamaninsa masana halayya na aiki ne da leƙen zuci: a horar da mutum, a nuna masa launi ko a kaɗa masa sauti, ya faɗi abin da ya ji a cikin ransa. Wannan ɗakin bincike ya ce kaza, wancan ya ce a'a, kuma babu alƙalin da zai raba gardama, tunda ba mai iya shiga zuciyar wani ya duba. A 1913 Watson ya ce a watsar da wannan gaba ɗaya. Abin da ido zai gani, ma'auni ya auna, shi kaɗai ne ilimi. Manufar ilimin kuma biyu ce, a iya hasashen abin da halitta za ta yi, a kuma iya sarrafa shi. Ya ƙara da cewa shi bai ga wata katanga tsakanin mutum da dabba ba a wannan fage. Mu mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Watson cewa ya yi a tambayi fuska, a bar zancen zuciya.

A 1920 shi da ɗalibarsa Rosalie Rayner suka buga sakamakon gwajin da har yau ake jin kunyarsa. Wani jariri ne da suka kira Albert. Yana wata tara suka nuna masa farin ɓera da zomo da kare, bai ji tsoron ko ɗaya ba, hannu ma yake miƙawa. Da ya kai wata goma sha ɗaya sai suka sake kawo ɓeran, yana kai hannu wani daga bayansa ya narka wa sandar ƙarfe guduma. Yaro ya zabura ya kifa. Sau bakwai aka haɗa ɓera da ƙarar nan. Daga nan ganin ɓeran kaɗai ya isa ya sa shi kuka yana rarrafen gudu, kuma tsoron ya yaɗu zuwa zomo da kare da rigar gashi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. An ɗauke yaron daga asibitin da ake gwajin ba tare da an cire masa tsoron da aka dasa masa ba. Ban da rashin imanin da ke ciki, gwajin ma a ilimance gurgu ne: yaro ɗaya tal, kuma masu gwajin ne da kansu ke fassara kukansa. Duk da haka ya shiga littattafan makaranta ya zauna daram.

Watson ya rasa aikinsa na jami'a a wannan shekarar saboda soyayyar da ta shiga tsakaninsa da Rayner alhali yana da aure, ya koma kamfanin tallace-tallace na J. Walter Thompson a New York, inda ya yi kuɗi da koya wa 'yan kasuwa yadda ake haɗa kaya da tsoro ko sha'awa a zukatan masu saye. A can ne, a littafinsa na 1924, ya yi cika bakin da aka fi saninsa da shi. Ya ce a ba shi lafiyayyun jarirai goma sha biyu da duniyar da zai tsara da kansa ya rene su, zai zaɓi kowanne da ka ya mai da shi likita ko lauya ko ɗan kasuwa, ko ma maroƙi ko ɓarawo, ba ruwansa da baiwar yaron ko launin fatar kakanninsa.

Masu kawo wannan magana sukan tsaya nan, su bar abin da ya biyo baya. Shi da kansa ya amsa cewa ya zarce hujjojin da ke hannunsa, amma ya ce masu kishiyar ra'ayin ma sun daɗe suna zarce nasu. A duba zamanin. A 1924 ɗin nan Amurka ta kafa dokar da ta taƙaita shigowar baƙi daga kudanci da gabashin Turai, ta kuma toshe wa yawancin mutanen Asiya ƙofa, bisa tunanin cewa wasu jinsuna sun fi wasu tsarkin jini. A 1927 kotun ƙolin ƙasar ta halatta a yi wa waɗanda aka kira masu raunin hankali tiyatar hana haihuwa ko ba sa so. Manyan malamai na rubuta cewa talauci da sata da daƙiƙanci gadonsu ake yi. A cikin wannan yanayi mutumin da ya ce ɗan bawa da ɗan sarki ƙasa ɗaya aka kwaɓa su da ita, bambancin na maginin ne, ya faɗi magana mai nauyi. Duk wanda ya taɓa jin an hana wani aure don an ce asalinsu wanzamai ne ko mahauta, zai gane inda Watson ya dosa.

To amma ƙasar da za a iya gina kowace irin tukunya da ita, ba ta da ta cewa a hannun magini. Nan ne wuyar take. In mutum ba shi da wani hali na asali, babu abin da za a ce an zalunta in aka murɗa shi. Watson ɗin nan a 1928 ya fitar da littafin reno yana gargaɗin iyaye kada su rungumi 'ya'yansu ko su ɗora su a cinya, in ya zama dole a sumbaci goshi sau ɗaya da dare, da safe kuma a yi musabaha. A ganinsa ƙaunar uwa sabo ce kawai, kuma mai lalata yaro. Iyaye da yawa sun saya sun karanta.

B. F. Skinner na jami'ar Harvard ya fi Watson zurfi nesa ba kusa ba, kuma shi ne ya kamata a yi jayayya da shi. Ya lura cewa irin sabon da Pavlov ya gano bai wuce dalala da zabura ba, abubuwan da jiki ke yi da kansa. Yawancin abin da muke yi kuwa, tafiya kasuwa, gaisuwa, karatu, ƙarya, mu ne ke fara su. Me ke sa a maimaita wani a bar wani? Amsar da ya ɗauko daga Edward Thorndike, wanda ya yi gwaji da kyanwoyi a 1898, ya kuma faɗaɗa ta, ita ce: abin da ya biyo bayan aiki shi ke yanke wa aikin hukunci. In alheri ya biyo baya, aikin ya yi ƙarfi. In babu komai, ya mutu a hankali. Ya ƙera akwati, ya sa ɓera ko tantabara a ciki, da ɗan ƙarfen da za a danna ko faifan da za a tsattsaga, da ƙofar da tsaba ke faɗowa. Da ba da tsaba a daidai lokacin da ya dace, taki bayan taki, ya koya wa tantabaru juyi da buga ƙwallon tebur. Lokacin yaƙin duniya na biyu har horar da su ya yi su riƙa saita makami mai linzami ta hanyar tsattsagar hoton abin da ake so a harba, sai dai sojoji ba su karɓi shirin ba.

Babban abin da ya gano, a ganina, yana cikin tsarin ba da ladan. Tantabarar da ake ba tsaba duk tsattsaga ɗaya, in aka daina ba ta, nan da nan take haƙura. Wadda kuwa ake ba jefi-jefi, ba ta san ko a ta uku ko a ta hamsin za ta samu ba, ita ce ke yi ta bugu ba ji ba gani, ko an daɗe da rufe ƙofar tsabar. A ɗauki yaron da ke birgima gaban mai alewa. Uwar da ba ta taɓa saya masa don ya yi kuka ba, ta huta. Wadda ke hanawa sau huɗu, a na biyar kunyar idon mutane ta sa ta saya, ita ce ta koya masa cewa naci na biya, kuma ba ranar da zai daina. Ba ta yi nufin koyar da komai ba, amma darasin ya shiga.

A 1948 ya yi wani gwajin da ke ba ni dariya da tsoro a lokaci guda. Tantabaru takwas masu jin yunwa, kowace a akwatinta, tsaba na faɗowa duk bayan daƙiƙa goma sha biyar, ko me tsuntsuwar ta yi. Shida daga cikinsu suka ɓullo da wasu al'adu. Ɗaya ta riƙa zagaya akwatin ta hagu, wata tana cusa kai a kusurwar sama, wata tana ɗaga kai kamar mai ture wani abin da ba a gani. Fassarar Skinner ita ce, duk abin da tsuntsuwa ke yi sa'ad da tsaba ta faɗo shi take maimaitawa, kamar shi ya kawo ta. Ya kira abin camfi. Wasu masu bincike daga baya sun yi masa gardama kan wannan fassara, amma wanda ya taɓa ganin ɗalibin da ba ya shiga jarrabawa sai da biron da ya ci ta bara da shi, ya san akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Daga akwatin nan Skinner ya miƙe har zuwa kan babbar tambaya. A littafinsa na 1971, wanda ya kai shi bangon mujallar Time, ya ce 'yancin zaɓi suna ne kawai da muke ba dalilan da ba mu gano ba. Hujjarsa na da kaifi. Ya ce a lura da yadda muke yabo: mai kyauta a gaban kyamara ba ma yaba masa sosai, don mun ga abin da ya tura shi. Mai kyauta a ɓoye shi muke jinjina wa, don ba mu ga nasa dalilin ba. Ke nan girman da muke ba mutum yana ƙaruwa ne gwargwadon jahilcinmu game da abin da ke juya shi, kuma duk ranar da ilimi ya tono dalilan, yabo da zargi za su rasa wurin tsayawa. Masu karatun tauhidi za su tuno da Jabariyya, masu cewa bawa kamar gashin tsuntsu yake a cikin iska. Skinner Jabariyya ce da aka cire Ubangiji daga cikinta aka sa muhalli da tarihin lada a gurbinsa.

Ya kuma ce mutane na tayar da ƙayar baya ne kawai in da bulala ake juya su. In da zuma ne, sai su ce ra'ayinsu ne. Don haka, in ji shi, tunda ko ta yaya ana sarrafa mu, gara a zauna a tsara sarrafawar da hankali. Har ƙagaggen labari ya rubuta a 1948 na wata al'umma da aka gina a kan wannan tsari, wasu kuma suka gwada shi da gaske a jihar Virginia a 1967. Tambayar da bai taɓa amsawa ta gamsar ba ita ce wa zai riƙe kwanon dusar, kuma shi wa ya horar da shi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: Skinner ba ya son duka. Ya ce uƙuba na danne aiki ne na ɗan lokaci, ba ta koyar da abin da ya kamata a yi, kuma tana haifar da tsoro da ƙiyayya da ɓuya. Yaron da ake zane wa don ya ƙi karatu yakan ƙware ne a gane takun malam. Wannan ɓangaren na koyarwarsa na so a ce ya iso makarantunmu kafin sauran.

Abin sha'awa, waɗanda suka fara fasa wannan gini dabbobin ne da kansu. Keller Breland da matarsa Marian ɗaliban Skinner ne da suka bar jami'a suka buɗe sana'ar horar da dabbobi don talla da wasanni. Sun horar da dabbobi sama da 6,000 daga jinsi 38, ba wanda zai ce ba su iya ba. A 1961 suka buga wata maƙala suna ba da labarin inda dabarar ta ci tura. Akwai rakun, wata dabbar dajin Amurka mai girman babbar kyanwa da hannuwa kamar na biri, da suka koya wa jefa kwabo a asusu a ba ta abinci. Da kwabo ɗaya an samu yadda ake so da ƙyar. Da aka ba ta biyu sai ta tsaya tana murza su da juna, ta tsoma a bakin asusun ta fito da su, ta ci gaba da murza, minti bayan minti, abinci na jiranta. Aladu ma haka. An koya musu ɗaukar manyan kwabban katako zuwa asusu, suka iya sarai, bayan 'yan makonni sai suka fara yar da su a ƙasa suna tura su da hanci suna tono, har yunwa ta fara cin su. Babu wanda ya ba su lada a kan wannan, asara ma suke yi. Rakun na yi wa kwabo abin da kakanninta ke yi wa abincin da suka kamo a bakin rafi, alade kuma na neman saiwa. Horo ya yi nisa, sai asali ya jawo shi baya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A 1966 John Garcia ya ƙara wata ɓaraka. Ya ba ɓeraye ruwa mai ɗanɗano, kuma duk lasa ɗaya fitila ta haska, wani abu ya yi ƙara. Rukuni ɗaya aka sa musu ciwon ciki, ɗaya aka ja su da lantarki a ƙafa. Waɗanda cikinsu ya ɓaci suka guji ɗanɗanon, ba ruwansu da fitila. Waɗanda lantarki ya ja suka guji fitila da ƙara, suka ci gaba da shan mai ɗanɗanon. Bisa ƙa'idar 'yan zahiri kowace alama ana iya ɗaura ta da kowane sakamako, amma ɓera ya zo duniya da shirin cewa ciwon ciki daga abin da aka ci yake. Kuma sau ɗaya ya isa, ko da ciwon ya zo bayan sa'o'i. Wanda ya taɓa amai bayan cin wani abinci ya shekara goma ba ya son warinsa ya san wannan a jikinsa. Daga baya Susan Mineka da abokin aikinta suka nuna wa biran da aka haifa a ɗakin bincike bidiyon wani biri yana firgita. In maciji yake tsoro a hoton, su ma su kamu da tsoron maciji. In aka gyara hoton ya zama fure yake tsoro, ko a jikinsu. Shi kuwa Harry Harlow na jami'ar Wisconsin, a 1958 ya ba jariran birai uwa biyu na bogi, ɗaya ta wayar ƙarfe mai ɗauke da kwalbar madara, ɗaya lulluɓe da tattausan ƙyalle ba madara. Suka riƙa zuwa wurin ta waya su sha, su dawo su maƙale wa mai ƙyalle yini guda. Gwaji ne mai ban tausayi, amma ya binne maganar cewa jariri na son uwa ne don nono kawai.

Sai maganar harshe, inda ginin ya fi girgiza. A 1957 Skinner ya fitar da littafi yana bayanin magana da ƙa'idar lada: yaro ya ce "ruwa", a ba shi ruwa, kalmar ta zauna. A 1959 wani matashin masanin harshe, Noam Chomsky, ya yi wa littafin sharhin da ya fi littafin shahara. Ba sai mun je Turanci ba, Hausa ta ishe mu misali. In na ce "jiya akuyar liman ta hau babur ta tafi ɗaurin aure da tabarau", ba ka taɓa jin wannan jimla ba, ba wanda ya taɓa ba ka tukuici a kanta, amma ka gane ta sarai, ka kuma san cewa da na ce "akuyar liman ya hau" na yi kuskure. Ranar da kwamfuta ta shigo ƙasar Hausa ba a kira taro an yanke jam'inta ba, bakin mutane ya ce kwamfutoci, bisa awon motoci. Yaro ɗan shekara huɗu na yin irin wannan, har yakan yi kuskuren da bai taɓa ji a bakin kowa ba, don ya ɗora ƙa'ida a inda ba ta hawa. Kuskuren nan shi ne shaidar cewa a cikin kansa akwai abin da ke tsamo doka daga abin da ya ji. Tun a 1930 ma Edward Tolman ya nuna cewa ɓerayen da aka bari suna yawo a akwati mai lunguna kwana goma ba abinci, ranar da aka fara ajiye abinci a ƙarshen hanya sai ga su sun kamo waɗanda ake ba lada tun farko, kusan nan take. Sun san hanya tuntuni, dalilin sauri ne ba su da shi.

Don adalci, Skinner bai taɓa cewa gado ba ya aiki ba, bai kuma ce mutum ba ya jin komai a ransa ba. Cewa ya yi tunani da jin zuciya su ma ayyuka ne da muhalli ya gina, suna rakiyar aiki, ba su ke haifar da shi ba. A nan ne ni na rabu da shi. Mutum biyu sun miƙa wa almajiri naira ɗari ɗari, hannu iri ɗaya, murmushi iri ɗaya. Ɗaya don Allah, ɗaya don surukinsa na kallo. Duk wanda ya tashi da hadisin da ke cewa ayyuka na tare da niyya ya san ayyuka biyu ne daban. Ɗan zahiri zai ce ai tarihin ladansu ne ya bambanta, a jira surukin ya tafi a gani. Ba laifi, amsa ce. Amma in aka tambaye shi wane lada ne ya riƙe mutumin da ya ƙi cin amana alhali ba mai ganinsa, har ya rasa aikinsa a kai, sai ya ce lallai akwai wani lada a baya da ba mu gani ba. A cikin akwati ana iya ƙirga tsaba. A waje kuwa kalmar lada ta zama duk abin da ya sa mutum ya yi abin da ya yi, bayanin da ba ya taɓa faɗuwa don bai ce komai ba. Mazhabar da ta kori niyya don ba a ganinta ta dawo tana jingina da tarihin da shi ma ba a gani.

Ladan ma kansa ba ya aiki a kan mutum yadda yake yi a kan tantabara, don mutum na tambayar me ake nufi da shi. A 1973 Mark Lepper da abokansa suka samu yaran nazare masu son zane da kansu, suka yi wa wasu alkawarin takardar yabo in sun yi zane. Bayan mako ɗaya zuwa biyu, da aka ajiye alƙaluman ba alkawarin komai, waɗanda aka yi wa alkawari sun yi zanen kusan rabin lokacin da sauran suka yi. An mai da musu wasa aikin lada, ba lada kuwa ba aiki.

Hausawa dai ba su taɓa zaɓar ɓangare ɗaya ba. Bakin da ya ce hali zanen dutse shi ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai shi ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Da ina ɗaukar wannan rashin tsayawa a magana ɗaya ne. Yanzu ina ganin ya fi kusa da inda binciken ya sauka. Nazarin tagwayen da aka raba tun suna jarirai, wanda aka fara a jami'ar Minnesota a 1979, ya nuna kamanni mai yawa a basira da ɗabi'a tsakanin mutanen da ba su tashi gida ɗaya ba, amma bai nuna sun zama mutum ɗaya ba. Iccen ana tanƙwara shi, sai dai kowane icce da inda yake lanƙwasuwa da inda yake karyewa.

Inda abin ya fi damuna shi ne, mazhabar ta sha kaye a matsayin bayanin ko wane ne mutum, amma a matsayin dabarar juya mutum ba ta taɓa faɗuwa ba. Wani ɓangaren alheri ne. Tun 1924 Mary Cover Jones ta cire wa wani yaro tsoron zomo ta hanyar matso da zomon kaɗan-kaɗan yana cin abin da yake so, Joseph Wolpe na Afirka ta Kudu ya gina magani a kan wannan a shekarun 1950, kuma har yau da irinsa ake warkar da masu matsanancin tsoro. A shekarun 1990 Wolfram Schultz ya gano cewa wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da sinadarin dofamin na harbawa ne in lada ya zo fiye da yadda aka zata, daga baya kuma su koma harbawa a kan alamar da ke gabatar ladan, wato karen Pavlov a cikin ƙoƙon kai. Manhajar AlphaGo da ta doke gwanin Go, wani wasa mai kama da dara, wato Lee Sedol ɗan Koriya ta Kudu, da ci huɗu da ɗaya a 2016, da gwaji da lada ta ƙware.

Ɗaya ɓangaren yana aljihunka. Skinner da kansa ya ce na'urar caca na aiki ne da tsarin ladan jefi-jefi. Mai buga cacar ƙwallo da ya ci sau ɗaya a wata uku, ya rasa sau arba'in, ba ya ƙirga arba'in ɗin. Yatsan da ke jan fuskar waya ƙasa don ganin ko wani sabon abu ya shigo a Facebook ko TikTok, sau tara ba komai, na goma ga abin dariya ko yabo, tsattsagar faifai yake yi. Masu ƙera waɗannan abubuwa ba su buƙatar sanin ko kana da ruhi ko niyya ko fiɗira. Sun auna abin da ka danna jiya, ya ishe su. Sabo turken wawa, in ji mutanen da, kuma na ga malamai da likitoci a ɗaure a wannan turken, ni ma da nake rubutun nan sau nawa na duba waya kafin in kai wannan layi.

Shi dai Skinner bai ja da baya ba ko taki ɗaya. A watan Agusta na 1990, yana da shekara 86, sankarar jini ta riga ta ci ƙarfinsa, ya hau mumbari a taron ƙungiyar masana halayya ta Amurka a Boston don karɓar lambar yabo ta aikin rayuwa. Zauren cike yake da mutanen da suka daɗe da komawa binciken tunani da ƙwaƙwalwa. Ya dube su ya ce ilimin nasu, a fagen halayya, daidai yake da aƙidar masu ƙin yarda da juyin halitta a fagen nazarin rayuwa. Kwana takwas bayan haka ya rasu.